Ƙwarya ko Kwalba: Yadda Harshe ke Koyon Giya

 

Maganarmu ta yau a kan giya ce. Na san wani zai ce, "Ina ruwana? Ni ban taɓa sa ta a bakina ba." Madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ka dakata ka ji, domin kana da 'ya'ya da za su tafi makaranta ko ci-rani, kana kuma da maƙwabta da abokan kasuwa. Musulunci ya haramta giya, limaman coci da yawa kuma suna horo a bar ta. Wannan fage na malamai ne, sun fi ni saninsa. Ni abin da zan yi magana a kai shi ne jiki, da abin da ke faruwa gare shi.

Gardamar mashaya

In ka taɓa zama kusa da masu sha, lalle ka ji wata gardama da ba ta ƙarewa. Mai shan burukutu yakan ce giyar kwalba ruwa ce kurum mai ɗaci da iska, ba ta riƙe ciki. Mai shan ta kwalba kuwa yakan ce burukutu tsami gare ta da kauri, kuma ƙazanta ce. Kowannensu yana rantsuwa tasa ce ta gaskiya, kowannensu kuma yana cewa tasa ba ta cutarwa kamar ta ɗan'uwansa.

To, ka tambayi kowane ɗayansu wace ce ya fara sha, a ina, da wa, yana da shekara nawa. Galibi za ka tarar wadda yake yabo ita ce wadda ya fara da ita. Yana tsammani shi ya zaɓa, alhali kuwa an zaɓa masa tun bai san abin da ake ciki ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Yadda harshe ke koyo

Kowane jariri da aka haifa yana son zaƙi, yana ƙin ɗaci. Ɗiga masa ruwan sukari a harshe ka ga yana tanɗe baki. Taɓa masa ɗan abu mai ɗaci ka ga ya yamutse fuska. Wannan tsari ne na kariya, gama yawancin tsire-tsire masu dafi ɗaci gare su.

Amma ka tuna ranar da ka fara cin goro. Ba tofarwa ka yi ba? Yau ga shi in ka wuni ba ka ci ba sai ka ji ba daidai kake ba. Goron bai sake ba, ɗacinsa na nan yadda yake. Abin da ya faru shi ne ka riƙa ganin manya suna ci a wurin suna da ɗaurin aure, ka sake gwadawa, ka ji barci ya gudu, jiki ya wartsake, sai ƙwaƙwalwarka ta haɗa ɗacin nan da jin daɗi. Haka gauta, haka miyar shuwaka, haka warin daddawa wanda baƙo ke toshe wa hanci, kai kuwa yana sa ka haɗiyar yawu.

Koyon nan yana farawa tun kafin haihuwa. A shekarar 2001 wasu masana a birnin Filadelfiya ta Amurka suka bayyana wani gwaji da suka yi. Sun ba wasu mata ruwan karas suna sha, wasu a watannin ƙarshe na ciki, wasu a lokacin shayarwa. Da jariran suka isa cin abinci, sai aka dama musu kunu da ruwan karas. 'Ya'yan matan da suka sha karas ba su yamutsa fuska kamar sauran ba. Watau ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana isa ga ɗa ta ruwan mahaifa da ta nono. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Giyar ƙwarya

Yanzu bari mu dubi giyar gida. A nan ana kiranta burukutu ko fito. A Gana pito suke cewa, a Burkina Faso dolo, a arewacin Kamaru da Chadi bilbil, a Sudan kuwa marisa. Aikin kusan ɗaya ne, kuma mata ne ke yinsa. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan a zuba mata ɗan ragowar ta jiya, a bar ta ta tashi. Ana shan ta tana kan tashi, ba ta kuwa jure ajiya, bayan 'yan kwanaki ta lalace. Ɗanɗanonta tsami-tsami ne da ɗan zaƙi, ga kauri. Ta wannan gida dabam da ta wancan, mashaya kuma sun san hannun kowace mai dafawa kamar yadda kuka san hannun mai fura.

Ku ɗauki misalin yaron da ya tashi a garin da ake dafa ta. Kafin ta tashi, ruwan nan zaƙi gare shi kamar kunu, akan sam wa yara. Ran gayya ana kai ta gona, ran biki ana sha, ran kasuwa ma haka. Kakarsa ta tsoma yatsa ta lasa masa don ya yi shiru. Wannan yaro bai sha wata wahalar koyo ba, domin daga kunu zuwa burukutu taki ɗaya ne. In ya girma, ƙanshinta kaɗai ya isa ya tuna masa da gida, da damina, da 'yan'uwansa. Ka ba shi ta kwalba, sai ya ce magani ka ba shi.

Giyar kwalba

Ita kuwa giyar kamfani baƙuwa ce. A shekarar 1949 aka cika kwalbar Star ta fari a Legas, a 1963 kuma kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Gwanintar kamfani ita ce ya sa kwalbar da aka saya a Jos ta zama daidai da wadda aka saya a Fatakwal, ta yau daidai da ta bara. Ana tace ta fes, a ɗumama ta don kashe ƙwayoyin da za su lalata ta, a rage mata duk wani ɗanɗano mai ƙarfi da zai kori sabon shiga. Ana kuma shan ta da sanyi, sanyi kuwa yana dushe ɗanɗano. Ɗan ɗacin da ke cikinta daga furen wani tsiro ne mai yaɗo na ƙasashen sanyi, wanda Turawa ke kira hof.

Ɗauki misalin saurayi na biyu, wanda bai taɓa ganin giya a gidansu ba. Ya je birni, ya karɓi albashinsa na fari, abokan aiki suka ja shi mashaya. Kurɓin farko bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, amma yana jin kunyar a ce masa baƙauye, sai ya haɗiye. Ga kiɗa, ga ƙwallo a talabijin, ga raha. Ya koma sau biyu, sau biyar, sau goma. Bayan shekara guda, in ka tambaye shi sai ya ce irin wannan kwalba kaɗai yake iya sha, sauran suna sa shi ciwon kai. Abin da ya koya a kurɓin nan na fari shi ne wai ya zama babban mutum, ɗanɗanon ya biyo baya ne.

Ga wani abin dariya. A shekarar 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi ake yin giyar kwalba. Sai kamfanoni suka koma ga dawa da masara na gida. Watau mai kwalba da ke raina mai ƙwarya, ya daɗe yana shan dawar nan da yake rainawa bai sani ba.

Yadda abin yake a ƙasashen Turawa

Kada ku ce wannan gardama tamu ce kaɗai. A shekarar 1971, wasu mashaya 'yan Ingila suka kafa ƙungiya don kare giyarsu ta gargajiya, wadda manyan kamfanoni ke neman shafewa. A Amurka kuwa, wajen 1978 masana'antun giya ba su kai 100 ba a ƙasar duka, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu ne suka mamaye kasuwa da giya mai sauƙin ɗanɗano. A wannan shekara shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa. Daga nan ƙananan masu dafawa suka yi ta tsirowa, har a 2020 masana'antun suka wuce 8,000. Giyarsu ita ake kira giyar hannu. Da yawanta ɗaci gare ta ƙwarai, domin suna cika mata furen nan na hof.

Abin da ya faru can shi ne abin da muka gani a nan. Dattijon da ya tashi da giyar babban kamfani yakan kurɓi ta hannu ya ce sabulu ce. Matashin da ya fara da ta hannu yakan kurɓi ta kamfani ya ce ruwa ce. Wanda ya saba da ɗaci kuma yakan nemi wadda ta fi, kamar mai cin barkono. Gaskiya ne halitta ma tana da nata rabo, gama akwai mutanen da aka haifa harshensu ya fi na wasu jin wani irin ɗaci. Amma sabo da abokan zama su ne ke ja gaba. A 'yan shekarun nan irin waɗannan ƙananan masana'antu sun fara bayyana a Abuja da Legas, ana tallar giyarsu ga masu kuɗi da sunan ta fi inganci.

Abin da harshe ba ya faɗa maka

To, ga inda maganar ta shafi lafiyarka. Harshe yana rarrabe tsami da ɗaci, amma hanta ba ta san ƙwarya ba, ba ta san kwalba ba. Abin da ke bugarwa a cikinsu duka ɗaya ne, likitoci suna kiransa alkohol.

Giyar kwalba ta yau da kullum tana da wajen kashi 5 cikin 100 na alkohol. Baƙar nan mai ɗaci takan wuce kashi 7. Burukutu takan kama daga kashi 3 zuwa 6, gwargwadon hannun mai dafawa da daɗewarta. Giyar hannu ta Turawa sau da yawa tana kai kashi 6 ko 7, wata ma ta zarce. Babbar kwalba guda ta santilita 60 tana ɗauke da alkohol wajen giram 24, hantar babban mutum kuwa sai ta yi awa uku ko kusa da haka kafin ta gama da shi. Ita ƙwarya ba ta da ma'auni, ba a rubuta komai a jikinta ba, kuma da ta yi ƙasa sai a ƙara. Mai cewa ƙwarya biyu kaɗai ya sha, shi kansa bai san iyakar abin da ya shiga cikinsa ba.

In aka yi shekaru ana ɗora wa hanta wannan aiki, sai ta yi kitse, ta kumbura, daga baya ta taurare. A nan ne za ka ga ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura, wani har aman jini. Ciwon hanta irin na ƙwayar cuta, wanda ake kira nau'in B, yana da yawa a ƙasashenmu, da yawan masu shi kuwa ba su san suna da shi ba. In giya ta tarar da shi, ɓarnar takan yi sauri. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, kamar na baki da maƙogwaro da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. A farkon 2023 kuma ta ce ba a san wani ma'auni na giya da za a ce ba shi da haɗari ba.

Kowace kuma tana da nata ƙarin sharri. Mai burukutu yakan ce tasa abinci ce. Akwai ɗan gaskiya, gama daga hatsi take. Amma duk amfanin da ke cikinta yana cikin kunun dawa da koko, ba tare da maye ba. In kuma dawar da aka jiƙa ta yi fumfuna, akwai wani dafi da fumfunar ke bari, tafasa ba ta kawar da shi duka, hanta kuwa yake ci. Ga ruwan da akan ƙara bayan an sauke, ga ƙoƙo ɗaya da ke yawo baki-baki ana ɗauraye shi a bokiti guda tun safe. Wasu har sukan zuba ogogoro a ciki don ta ƙara ƙarfi. A 2015 mutane da yawa sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da wani dafi da ake kira metanol, wanda ke makantarwa, yana kisa.

Mai kwalba kuwa yakan ce tasa tsabtatacciya ce. Ita ma akwai gaskiya a nan. Amma sanyinta da sauƙinta su ke sa a sha da yawa ba a ankara ba, kuɗin da ke tafiya kuma na cefane ne da na makarantar yara.

Kurɓin farko

Tun da mun ga harshe koyo yake yi, sai mu san inda za mu tsare, watau kurɓin farko. A shekarar 1997 aka bayyana wani bincike a Amurka da aka yi kan mutane fiye da 40,000. Cikin waɗanda suka fara sha suna da shekara 14 ko ƙasa da haka, fiye da 40 cikin 100 giya ta kama su a wani lokaci na rayuwarsu har ba sa iya bari. Cikin waɗanda ba su fara ba sai da suka kai 20 ko fiye, wajen 10 ne kurum cikin 100. Akwai wasu dalilai da ke shiga ciki, kamar gado da halin gida, amma tazarar tana da girma. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, abin da ta koya tana ɗanya kuwa ya fi kama ta.

Wasu iyaye sukan ce gara yaro ya ɗanɗana a gida a gaban idonsu, don kada ya je waje ya haukace. An gwada wannan magana. A Ostareliya aka bi yara kusan 2,000 har shekara shida, aka bayyana sakamakon a 2018. Ba a ga wata kariya da ba da giya a gida ta yi ba. Yaran da iyaye suka ba su ma sun fi neman ta a waje daga baya.

Yanzu mu komo ga maganar nono. Akwai masu ba mai jego burukutu ko baƙar giya wai don nono ya kawo. Wannan kuskure ne. Alkohol yana shiga nono, kuma a 1991 masanan nan na Filadelfiya suka auna suka ga jarirai suna rage shan nono da wajen kashi ɗaya cikin biyar a sa'o'in da suka biyo bayan uwa ta sha. Mai ciki kuwa, abin da ta sha ɗanta ya sha, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa da girma har iyakar ransa. Ƙaramin yaro kuma, giya kaɗan tana iya sa sukarin jininsa ya faɗi, ya yi jijjiga ko ya suma.

Ku lura kuma da giya mai zaƙi da ta cikin 'yar leda, wadda kuɗin kashewar ɗan makaranta ke iya saya. Zaƙin nan yana ɗauke wa yaro wahalar ɗacin da zai kore shi. Saboda yara ne hukumar NAFDAC ta ba da sanarwa a farkon 2024 ta hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe.

Abin da za ku yi

1. Kada a ba yaro giya kowace iri, ko a yatsa, ko da sunan magani, ko don ya yi barci. Ruwan burukutu mai zaƙi ma a bar shi, a dama masa kunu.

2. Kada a aiki yaro sayen giya, kada a sa shi talla ko wanke ƙoƙuna a mashaya.

3. Mai ciki da mai shayarwa su nisance ta sam. Abin da ke kawo nono shi ne abinci, da ruwa, da yawan sa jariri a nono.

4. In ɗanka zai tafi birni, ka zaunar da shi ka gaya masa yadda abokai ke jan mutum, tun kafin su riga ka.

5. In kana sha, ka gaya wa malamin asibiti gaskiya kafin ya ba ka magani. Akwai magunguna da ba sa haɗuwa da giya, kamar na tarin fuka da wasu na ciwon ciki. Ka roƙa kuma a gwada jininka don ciwon hanta, a kai jarirai rigakafinsa.

6. In ka daɗe kana sha da yawa kullum, har in ba ka sha ba hannunka na rawa, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Yana iya kawo jijjiga da ruɗewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ka zo asibiti a taimake ka ka bari.

Kai kuma da kake ganin ka riga ka saba, kada ka yanke ƙauna. Abin da harshe ya koya yana iya saki. Duk wanda likita ya sa ya rage gishiri ya san wannan. Makonnin farko miya lami take masa, bayan 'yan watanni kuwa miyar da yake ci a da sai ya ji ta yi masa gishiri. Abin da ya fi wuya shi ne wurin zama da abokan zama, gama tare da su aka koyi shan tun asali. Sake hanyar da kake bi in ka taso daga gona ko kasuwa, ka nemi majalisar da ake shan shayi ko kunun zaƙi, ka kuma sami mutum ɗaya da ka amince da shi ka gaya masa niyyarka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, rigakafi kuma ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin ɗakin shan magani na garinku.

Sai wani mako kuma, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.